Su wa ake nufi da "masu shuɗiyar riga" a zaɓen fidda gwani na Amurka?

Da zarar kakar zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa ta kama a Amurka, akwai wasu mutane da 'yan jarida ba sa gajiya da ambatonsu. Za ka ji an ce wane ya kwashe ƙuri'un "masu shuɗiyar riga", ko wance ta kasa shawo kansu. Laƙabin daga kayan aiki ya samo asali. Ma'aikacin masana'antar ƙarfe ko mahaƙin kwal yakan sa shuɗiyar riga mai kauri wadda ba ta nuna baƙin mai da dauɗa, shi kuwa na ofis fara yake sawa. Da Hausa sai mu ce 'yan ƙwadago, masu cin guminsu, waɗanda sai sun fita suke samu.

Amma masu auna ra'ayin jama'a ba riga suke dubawa ba. Galibi tambaya ɗaya suke yi: kana da digirin jami'a? In ba ka da shi, ka shiga sahu. Da wannan ma'auni, kimanin mutum shida cikin kowane baligi goma a Amurka suna ciki. Ni dai ma'aunin bai kwanta mini ba, domin ya shigar da mai gyaran famfo da ke da motocin aiki uku da yara goma a ƙarƙashinsa, ya fitar da malamar makaranta mai digiri wadda albashinta ba ya kai ta ƙarshen wata. Kuma idan aka ambaci kalmar, hoton da ke zuwa wa mutane shi ne farar fata sanye da hular kwano a bakin masana'anta. Ana mantawa da baƙar fatar da ke jinyar tsofaffi cikin dare, da 'yar asalin Meziko mai gyaran ɗakunan otal a Las Vegas, alhali guminsu ɗaya ne.

Mai karatu a Najeriya zai iya tambaya, me ya haɗa talaka da fidda gwani? A wurinmu an fi sabawa da daliget. A 2022 da ƙuri'a 1,271 Bola Tinubu ya samu takarar APC, Atiku Abubakar kuma da 371 ya samu ta PDP. A Amurka ma akwai daliget, sai dai jama'a ne ke fita jiha bayan jiha, daga farkon shekara har watan Yuni, kuma sakamakonsu ne ke raba daliget ɗin. Ya fi kama da 'yar tinƙe. Shi ya sa direban tirela a Ohio yake da ta cewa.

To da me yake zaɓa, tunda duk 'yan takarar 'yan jam'iyya ɗaya ne, babu batun tuta?

Abu na farko shi ne tabon da ke jikin garinsa. A watan Satumba na 1977 wani babban kamfanin ƙarfe a yankin Youngstown ya sanar da rufe masana'antarsa, mutum kusan 5,000 suka rasa aiki, kuma garin bai sake komawa yadda yake ba. Tsakanin 2000 da 2010 ayyukan masana'antu a Amurka sun faɗo daga wajen miliyan 17 zuwa ƙasa da miliyan 12. Masana na jayayya kan ko injuna ne suka cinye ayyukan ko cinikin ƙetare, amma wanda ya ga an kwance injinan wurin aikinsa an loda a mota an nufi Meziko ba ya buƙatar masani. Sunan da ke bakinsa NAFTA, yarjejeniyar ciniki da Kanada da Meziko da ta fara aiki a 1994, zamanin Bill Clinton. Ranar 8 ga Maris 2016 aka ga tasirin wannan a Michigan. A ɓangaren jam'iyyar Democrat, masu hasashe sun ba Hillary Clinton tazarar wajen maki 20, sai ga Bernie Sanders ya kayar da ita da ƙyar. A daren nan kuma Donald Trump ya lashe jihar a ɓangaren Republican. Ɗan gurguzu da hamshaƙin attajiri, babu abin da ya haɗa su, amma kowannensu ya yi ta caccakar yarjejeniyoyin cinikin nan.

Na biyu, kuma a ganina shi ya fi nauyi, shi ne raini. Talaka yakan jure rashi, amma yana jin ƙanshin wulaƙanci tun daga nesa. A Afrilun 2008, a wani taron masu hannu da shuni a San Francisco, Barack Obama ya ce mutanen ƙananan garuruwan da ayyuka suka gudu sun cika da ɗaci, shi ya sa suke rungumar bindiga ko addini. Yana ƙoƙarin bayyana halin da suke ciki ne, amma su abin da suka ji shi ne ana maganarsu a bayan idonsu, a gaban masu kuɗi. Hillary, wadda ke takara da shi a lokacin, ta ci Pennsylvania, sannan a West Virginia, jihar mahaƙan kwal, ta ba shi tazarar sama da maki 40.

Shekara takwas bayan haka sai reshe ya juye da mujiya. A Maris 2016 Hillary ta furta cewa za a raba mahaƙan kwal da kamfanoninsu da sana'ar. Cikin bayanin yadda za a tallafa musu ta faɗi haka, amma magana zarar bunu ce. Da aka zo West Virginia, Sanders ya cinye ƙananan hukumomin jihar 55 kaf. Jiha ɗaya, mace ɗaya, sun ɗaga ta sun kuma sauke ta. Duk wanda ya ce waɗannan mutane 'yan ra'ayin riƙau ne ko 'yan sauyi ne kawai, bai kalli wannan da kyau ba.

Akwai kuma lissafin wa zai iya kai labari a babban zaɓe. A 2020 Joe Biden ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire, har an fara yi masa ta'aziyya. Kwana uku kafin zaɓen South Carolina, James Clyburn, dattijon ɗan majalisa baƙar fata da jama'arsa ke jin maganarsa, ya fito ya mara masa baya. Baƙaƙen fata, waɗanda su ne fiye da rabin masu zaɓen Democrat a jihar kuma yawancinsu masu aikin ƙarfi ne, suka ba Biden gagarumar nasara. Sun san shi tun yana mataimakin Obama, kuma wanda ya fi kowa shan wuya idan aka faɗi zaɓe ba ya son caca. Bayan kwana goma Biden ya ci kowace ƙaramar hukuma a Michigan, jihar da Sanders ya yi abin mamaki a baya. Nan aka gane cewa wani kaso na ƙuri'un 2016 na ƙin Hillary ne, ba na son Sanders ba.

Ƙungiyar ƙwadago fa? Tana da tasiri, amma ba kamar da ba. A shekarun 1950 kusan ɗaya cikin uku na ma'aikatan Amurka 'yan ƙungiya ne, yau kuwa wajen ɗaya cikin goma. Ko 'yan ƙungiyar ma ba raƙuma da akala ba ne. A Nevada a 2020, shugabannin ƙungiyar ma'aikatan otal da gidajen abinci sun gargaɗi mambobinsu cewa shirin lafiya na Sanders zai iya raba su da inshorar da suka sha gwagwarmaya kafin su samu. Masu share ɗakuna da masu dafa abinci suka saurara, sannan da yawansu suka zaɓi Sanders. Su suna da inshora, amma suna da 'yan uwa da maƙwabta da ba su da ita.

Abin da ke damuna shi ne yawancin waɗanda ake wannan surutu a kansu ba sa ma zuwa. A 2016, da aka yi zazzafar takara a jam'iyyun biyu, waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 cikin ɗari na masu ikon zaɓe ba. Yawancin jihohi ranar Talata suke yi, ranar aiki. A Iowa kuwa, a ɓangaren Republican, taron unguwa ake yi da ƙarfe bakwai na dare, sai ka je da ƙafarka ka zauna har a gama. Mai aikin dare a mayankar nama, da uwar da ba ta da mai riƙe mata yara, an riga an cire su. A Janairun 2024, cikin sanyi mai daskarar da jini, mutum wajen 110,000 ne kawai suka halarci na Republican, a jihar da ke da mutane sama da miliyan uku.