Koyar da Faransanci a Najeriya

Faransanci shi ne harshen waje da aka fi koyarwa a makarantun boko na Najeriya bayan Ingilishi, kuma babban dalilin hakan shi ne maƙwabtaka, domin Benin da Nijar da Chadi da Kamaru duk suna gudanar da ayyukan gwamnati da shi. A shekarar 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana shi a matsayin harshen hukuma na biyu, daga baya kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta wajabta koyar da shi a firamare da ƙaramar sakandare. Sai dai kundin tsarin mulkin 1999 bai ba shi wannan matsayi ba, sannan ƙarancin malamai ya sa wajabcin ya tsaya a takarda a makarantun gwamnati da yawa.

A matakin jami'a, gwamnatin tarayya ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry, jihar Legas, a 1991, inda ɗalibai kan je su zauna cikin harshen maimakon tura su ƙasashen waje kamar yadda ake yi a da.

Amfanin Faransanci ga cigaban ƙasa ya fi bayyana a wajen takardu. Ɗan kasuwar Kano da ke sayayya a Maraɗi zai iya gama cinikinsa da Hausa, amma takardun kwastan da na banki da yarjejeniyar kwangila galibi da Faransanci ake rubuta su, kuma wanda bai iya ba dole ya dogara da tafinta. Haka abin yake a diflomasiyya da tsaro: Faransanci na cikin harsuna uku na ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a 1975, sannan hedikwatar Hukumar Tafkin Chadi da ta rundunar haɗin gwiwa mai yaƙi da Boko Haram duk suna N'Djamena. Ɗan Najeriya mai harsuna biyu ya fi damar samun muƙami a irin waɗannan hukumomi.

Matsayin harshen a yankin yana sauyawa. Mali ta cire shi daga matsayin harshen hukuma a 2023, Nijar kuma ta mayar da Hausa harshen ƙasa a 2025, ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki, wanda har yanzu da shi ake rubuta dokoki da takardun ofis.