Waiwaye: Yadda manoma suka fara sa baki a dokokin noma

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma manoman Amurka sun gane haka da wuri. Ƙungiyarsu ta Grange, wadda aka kafa a 1867, ita ta tsaya wa majalisun jihohi irin su Illinois a wuya har aka ƙayyade kuɗin da kamfanonin jirgin ƙasa da masu rumbunan hatsi ke tsuga wa manomi. Masu rumbu suka garzaya kotu, Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a 1877.

A Turai abin ya wuce kai koke. Dokar noma ta Birtaniya ta 1947 ta sa gwamnati zama da wakilan manoma duk shekara don duba farashi. A Faransa kuwa, dokokin 1960 da 1962 kusan tare aka tsara su da reshen matasa na babbar ƙungiyar manoman ƙasar, FNSEA. Nan gizo ke saƙar: dokokin sun ƙarfafa gonakin da ake ganin za su iya riƙe kansu, tsofaffi da masu 'yan ƙananan gonaki aka lallaɓa su suka saki gonakinsu. Waɗanda suka ga an yi babu su suka kafa tasu ƙungiyar, Confédération paysanne, a 1987. Idan aka ce an tuntuɓi manoma, yana da kyau a tambaya: waɗanne?

Ƙasashen Afirka da dama, bayan 'yancin kai gwamnati ce ta riƙa kafa ƙungiyoyin gama kai da hannunta, don haka 'yan amshin Shata ne kawai. Sai da aka janye tallafi a shekarun 1980 masu zaman kansu suka taso. Ƙungiyar manoma ta CNCR ta Senegal ta bayyana a 1993, ROPPA ta Afirka ta Yamma a 2000. A Mali, ƙungiyar manoma ta CNOP aka damƙa wa jin ra'ayin makiyaya, masunta da manoma kafin dokar noma ta 2006.

Indiya ta tsallake wannan tuntuɓar a 2020, ta yi dokoki uku cikin gaggawa. Manoman Punjab da Haryana suka jera taraktoci a mashigar Delhi, suka kafa tantuna, ana girki a bakin titi, sanyi da zafi duk a kansu, har shekara guda. A ranar 19 ga Nuwamba 2021 Firaministan Indiya Narendra Modi ya sanar da janye dokokin, amma buƙatarsu ta a sa mafi ƙarancin farashin amfanin gona cikin doka ba ta samu shiga ba.