Ba jami'in kula da ma'aikata ke yanka albashi ba

Duk ƙarshen wata, da zarar albashi ya shigo bai kai yadda aka zata ba, ƙofar da ake fara bugawa ita ce ta sashen kula da ma'aikata. Mutane da yawa sun ɗauka su ne ke yanka wa kowa albashinsa, su kuma zaftare abin da suka ga dama. Ba haka abin yake ba.

A gwamnatin tarayyar Najeriya, tsarin albashi yana fitowa ne daga hukumar kula da albashi ta ƙasa, kowa da matakinsa. A kamfani kuwa, shugabanni ne ke amincewa da kasafin kuɗi, jami'in ya yi aiki cikin iyakar da aka shata masa. Mafi ƙarancin albashi ma, naira 70,000, doka ce ta 2024.

Kuɗin da ake cirewa fa? Duba takardar albashinka da kyau. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya ƙara kashi 10, duka su tafi asusun fanshonka. Harajin albashi kuma hukumar haraji ake miƙa wa. Shi kansa jami'in ana cire masa waɗannan, don shi ma ɗan albashi ne.

Inda ya dace a tuhume shi: idan fayil ɗinka ya kwana a teburinsa har ƙarin girma ya wuce ka, ko aka cire kuɗin fansho ba a tura ba ya yi shiru.