Waiwaye: Tsohon ciwon hanta da taurin jijiyoyin jini

A wajajen 1960, likitoci masu binciken gawa sun lura cewa mutanen da hantarsu ta ƙeƙashe ba kasafai ake ganin tabon bugun zuciya a jikinsu ba. Bayanin da aka kawo kuwa mai shiga hankali ne. Hanta ce ke haɗa kolestarol, wani nau'in kitsen jini, da sinadaran da ke daskarar da jini, in ta gaza sai kitsen jini ya ragu, jini ya tsinke, hawansa ma ya sauka. Aka daɗe ana ɗaukar cewa ciwon hanta yana kare jijiyoyi. Abin da ba a duba da kyau ba shi ne yawancin waɗannan majinyata barasa ce ta ci hantarsu, kuma sukan rasu tun jijiyoyin ba su kai ga toshewa ba.

Labari ya fara sauyawa a 1980, lokacin da Jurgen Ludwig na asibitin Mayo a Amurka ya bayyana kumburin hanta mai kitse a jikin mutanen da ba sa shan barasa, galibinsu masu ƙiba, wasu da ciwon suga. Irin wannan hanta ba ta jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata, tana tura kitse mai yawa cikin jini tare da sinadaran kumburi. Su ne ke raunata fatar cikin jijiya, kitse ya liƙe a wurin, ya taurare, hanya ta ƙuntata. A yau cutar zuciya da jijiyoyi ce ta fi kashe masu hanta mai kitse, ba hantar kanta ba. Hepatitis C, ciwon hanta da ƙwayar cuta ke kawowa, wanda aka gano a 1989, shi ma an danganta shi da kaurin jijiyoyin wuya.

A nan Damagaram hepatitis B ne ya fi yawa, kuma alaƙarsa da toshewar jijiya ba ta da ƙarfi. Sai dai suga da hawan jini na ƙaruwa a cikin gari, mutum ɗaya na iya haɗa duka. Don haka idan hoton ciki ya nuna kitse a hanta, bai kamata a tsaya nan ba. A auna suga da kolestarol, a duba ko hawan jini ya kai 140/90, a auna ƙugu. Rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana kwantar da kumburin hantar.

Maganin statin mai rage kolestarol, wanda a da ake tsoron bai wa mai ciwon hanta, yanzu likita na iya rubuta shi muddin hantar ba ta kai ga gazawa ba. Asfirin kuwa akwai hatsari, domin mai ƙeƙasasshiyar hanta jijiyoyin maƙoshinsa kan kumbura, ƙwayar da aka saya a kasuwa don “tsinka jini” tana iya jawo masa aman jini.