Bashin Gwamnatin Najeriya

Bashin gwamnatin Najeriya shi ne jimillar kuɗin da ake bin gwamnatin tarayya da gwamnatocin jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya, ko daga masu ba da rance na cikin gida ko daga na ƙasashen waje. Hukumar da ke riƙe da lissafinsa ita ce Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, wanda aka fi sani da DMO, wanda aka kafa a shekarar 2000. Tushen bashi shi ne giɓin kasafin kuɗi: duk shekarar da abin da gwamnati ta kashe ya zarce abin da ya shigo mata, sai ta ranto ta cike gurbin, kuma giɓin shekaru da dama ne ke taruwa ya zama bashin ƙasa. A ƙarshen Disambar 2024 ofishin ya bayyana jimillar bashin a kan naira tiriliyan 144.67, alhali a tsakiyar 2015 bai wuce tiriliyan 12 da ɗan ɗori ba.

Asali

Tun kafin samun 'yancin kai Najeriya ta fara cin bashin waje. A 1958 Bankin Duniya ya ba ta rancen dala miliyan 28 domin aikin jirgin ƙasa, musamman shimfiɗa layin dogo daga Kuru da ke kusa da Jos zuwa Borno, wanda ya isa Maiduguri a 1964. Rancen wancan zamani ƙanana ne, kuɗin ruwansu da sauƙi, kuma kowanne yana ɗaure da wani aiki da ido ke iya gani, kamar madatsar ruwa ta Kainji.

Lamarin ya sauya bayan da man fetur ya zama ƙashin bayan kuɗin shiga. Arzikin mai na shekarun 1970 ya sa gwamnati ta faɗaɗa ayyukanta da albashinta, sannan da kuɗin mai suka ja baya a 1978 sai gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ciwo dala biliyan 1 daga bankunan kasuwanci na duniya, rance mafi girma da ƙasar ta taɓa ci zuwa lokacin. A Jamhuriya ta Biyu gwamnatin tarayya da jihohi sun ci gaba da rance, kuma da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 sai kuɗin kayan da aka shigo da su suka taru ba a biya ba. A 1985 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe muhawara kan karɓar rancen Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, jama'a suka nuna ƙi, aka fasa karɓa. Amma a 1986 aka ƙaddamar da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, wanda ya ƙunshi mafi yawan sharuɗɗan asusun, ciki har da karya darajar naira.

A shekarun 1990 ƙasar ba ta ci sabon bashin waje mai yawa ba, amma bashin bai daina kumbura ba, domin ba a biyan abin da ya wajaba a kan kari, kuɗin ruwa da tarar jinkiri kuma suna ta hauhawa. Zuwa 2004 bashin waje ya kusa dala biliyan 36, kuma kimanin biliyan 30 daga ciki na ƙasashen Paris Club ne, wato ƙungiyar gwamnatocin ƙasashe masu arziki da ke ba da rance, waɗanda Birtaniya ce ke kan gaba a cikinsu wajen yawan abin da take bi.

Yarjejeniyar 2005

A Oktoban 2005, a zamanin mulkin farar hula na Obasanjo, ƙarƙashin jagorancin ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, Najeriya ta cimma yarjejeniya da Paris Club. An yafe mata kimanin dala biliyan 18, ita kuma ta biya kimanin biliyan 12 daga rarar kuɗin mai da ta tara, inda ta kammala biya a Afrilun 2006. Bashin waje ya sauko zuwa ƙasa da dala biliyan 4. An yi ta gardama a lokacin kan ko ya dace ƙasa mai fama da talauci ta fitar da maƙudan kuɗi haka a dunƙule, amma ba a musa cewa yarjejeniyar ta sauke wani nauyi da ya shekara ashirin yana danne kasafin kuɗi.

Domin kada a koma gidan jiya, an yi Dokar Kula da Kashe Kuɗin Gwamnati a 2007, wadda ta ƙayyade cewa giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na jimillar abin da ƙasa ke samarwa a shekara, sai dai idan tsaron ƙasa na cikin barazana, ta kuma ce rance na manyan ayyuka ne da raya al'umma. Abin da yafewar ba ta taɓa ba shi ne ainihin tushen matsalar, wato dogaron baitulmali da mai, kuma ta nan ne bashin ya dawo.

Dawowar bashi

A Janairun 2011 Najeriya ta sayar da takardun lamuninta na farko na dala a kasuwar duniya, na dala miliyan 500. Daga tsakiyar 2014 farashin mai ya rufta, tattalin arziki ya shiga koma baya a 2016, ya sake shiga a 2020 lokacin annobar korona, shekarar da ƙasar ta karɓi rancen gaggawa na dala biliyan 3.4 daga IMF. Yawan man da ake haƙowa shi ma ya ragu saboda sata da fasa bututu a yankin Neja Delta. A ɗaya ɓangaren kuma kashe kuɗi kan tsaro da albashi da tallafin man fetur bai ragu ba. Tallafin kaɗai ya cinye sama da naira tiriliyan 4 a 2022, shekarar da sauran ƙasashe masu arzikin mai ke kwasar riba saboda tashin farashi.

Hanyar da ta fi jawo ce-ce-ku-ce wajen cike giɓin ita ce rance kai tsaye daga Babban Bankin Najeriya. Dokar bankin ta 2007 ta yarda ya ba gwamnati ɗan rance na wucin gadi wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata ba, a kuma biya kafin shekara ta ƙare. An tsallake wannan iyaka nesa, har abin ya kai naira tiriliyan 22.7, kuma ba ya cikin lissafin bashin ƙasa sai a Mayun 2023 da majalisa ta amince a mayar da shi takardun lamuni na shekara 40 a kan ruwa kashi 9 cikin 100. Irin wannan rance ya fi sauran illa, domin babban banki sabon kuɗi yake ƙirƙira ya zuba a asusun gwamnati, ba tare da an ƙara buhun masara ko ɗaya a kasuwa ba. Kuɗi suka yi yawa, kaya suna nan yadda suke, farashi ya tashi, kuma mai ƙaramin ƙarfi da ke riƙe da tsabar naira shi ne ya biya.

Mayar da rancen Babban Banki takardun lamuni, haɗe da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, su ne suka sa jimillar bashin ta tashi daga tiriliyan 46.25 a ƙarshen 2022 zuwa tiriliyan 87.38 a tsakiyar 2023. Dalar da ake lissafawa a kan kimanin naira 460 ta haura 1,500 a 2024, don haka bashin waje ya ninka fiye da sau uku a lissafin naira ko da ba a ranto ƙarin sisin kwabo ba. Mai karanta alƙaluman bashin Najeriya dole ne ya riƙa bambanta sabon rance da sauyin lissafi.

Waɗanda ke bin bashin

Bashin cikin gida ya ƙunshi takardun lamuni na dogon zango da na gajeren zango, waɗanda bankuna da kamfanonin fansho suka fi saye. Ke nan wani kaso na fanshon ma'aikata yana hannun gwamnati a matsayin rance. A Satumbar 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko na naira biliyan 100. Shi sukuk an gina shi ne bisa ƙa'idar haya ta shari'ar Musulunci, inda mai zuba kuɗi ke samun kuɗin haya a maimakon kuɗin ruwa, kuma an ɗaure kuɗin da wasu hanyoyi da aka ambata da suna, ciki har da sassan titin Kano zuwa Maiduguri. Matafiyi kan ga allunan da ke ɗauke da sunan sukuk a gefen waɗannan tituna, kuma wannan shi ne babban alfanun tsarin: ana iya zuwa a duba abin da aka yi da kuɗin.

A ɓangaren waje, Bankin Duniya ne ya fi kowa bin Najeriya, galibi da rance mai sauƙin ruwa, sai masu riƙe da takardun lamuni na dala, waɗanda ruwansu ya fi tsada. Sin ce kan gaba a cikin ƙasashen da ke ba da rance kai tsaye, kuma da kuɗin bankinta aka gina layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, sai dai kasonta a jimillar bashin waje bai kai yadda ake zato a bakin jama'a ba.

Inda gizo ke saƙa

Idan aka auna bashin da girman tattalin arziki, na Najeriya bai kai na ƙasashe da yawa ba, ciki har da Gana wadda ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje a Disambar 2022. Amma ba da girman tattalin arziki ake biyan bashi ba, da abin da ya shigo baitulmali ake biya, kuma a nan ne Najeriya take da rauni. Harajin da ta riƙa tarawa a farkon shekarun 2020 kimanin kashi 10 cikin 100 ne na abin da ƙasa ke samarwa, wanda yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 biyan bashi ya lashe kimanin kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A irin wannan shekara kusan duk albashi da aikin asibiti da makaranta da rance ake yin su.

Akwai wata illa da ba a cika gani ba. A 2024 Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa har zuwa kashi 27.5 cikin 100 domin daƙile hauhawar farashi, ribar takardun lamunin gwamnati ta haura kashi 20. Bankin da zai samu wannan riba daga gwamnati ba tare da fargabar asara ba, ba shi da dalilin wahalar da kansa wajen ba mai masaƙa ko mai injin casar shinkafa rance, kuma idan ya bayar, sai da ruwan da sana'ar ba za ta iya ɗauka ba.

Hanyoyin gyara

Hanya ta farko ita ce ƙara kuɗin shiga. An ɗaga harajin kayayyaki na VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin 100 a 2020, sannan a Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji huɗu da suka haɗe tsofaffin dokoki wuri guda, suka sauya hukumar tara haraji ta tarayya, suka kuma sauƙaƙa wa masu ƙaramin albashi da ƙananan kamfanoni. Kafin a kai ga haka an sha doguwar taƙaddama, domin gwamnonin Arewa sun ƙi amincewa da tsarin rabon VAT da aka fara gabatarwa a 2024, bisa hujjar cewa zai fifita jihohin da manyan kamfanoni ke da hedikwata, har sai da aka gyara shi. Wahalar wannan hanya ita ce yawancin 'yan ƙasa suna sana'o'in da ba su da rajista, kuma wanda ke haƙa rijiyarsa, yake sayen man janaretonsa, yake biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa, da wuya a gamsar da shi cewa akwai abin da gwamnati ke binsa. Faɗaɗa haraji ba zai ɗore ba sai an ga aiki a ƙasa.

Ta biyu ita ce rage kashe kuɗi. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta gwada cire tallafin mai a Janairun 2012, zanga-zanga ta tilasta mata mayar da wani ɓangare. Tinubu ya sanar da ƙarshensa ranar 29 ga Mayun 2023. Kuɗin da ake rabawa tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi duk wata sun ƙaru sosai, amma kuɗin mota da na abinci sun yi tashin gwauron zabi, kuma amfanin matakin ya rataya ne kan abin da gwamnoni suka yi da ƙarin da suka samu. Rahoton kwamitin Stephen Oronsaye na 2012, wanda ya ba da shawarar haɗe ko soke hukumomin gwamnati da ayyukansu ke cin karo, ya shafe sama da shekara goma ba a aiwatar da shi yadda ya kamata ba.

Ta uku ita ce toshe ɓaraka da yin tanadi. Asusun bai-ɗaya da aka tilasta wa ma'aikatu a 2015 ya tattaro kuɗin gwamnati da ke warwatse a bankuna. Asusun rarar mai da aka buɗe a 2004, wanda shi ne ya ba da damar biyan Paris Club, an yashe shi a shekarun da suka biyo baya, saboda jihohi na ganin tsarin mulki ya ba su haƙƙin a raba duk abin da ya shiga asusun tarayya. Asusun zuba jari na ƙasa da aka kafa da doka a 2011 ya fi shi kariya, amma jarinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da kasafin shekara guda.

Ta huɗu ta shafi yadda ake cin bashin kansa: fifita rance mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi, rage na dala tun da kuɗin shiga mafi yawa na naira ne, da ɗaure kowane rance da aikin da za a iya bibiya. Dokar Kula da Kashe Kuɗin Gwamnati ta 2007 ta riga ta tanadi yawancin waɗannan ƙa'idoji, amma ba ta ɗora hukunci mai tsanani kan wanda ya karya su ba, kuma majalisar da ya kamata ta tsare iyakar ita ce ke amincewa da kasafin da ya tsallake ta. Shi ya sa hukumar da ke sa ido kan dokar ta daɗe tana neman a yi mata gyaran da zai ba ta ikon hukunta masu saɓawa.