Satar Fasaha a Kundin Digiri: Abin da Doka da Jami'a Suka Tanada

Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala digiri a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko a Jami'ar Jihar Kaduna yana ƙarƙashin hukunci iri biyu, wato dokar ƙasa da ƙa'idar makaranta, kuma ta biyun ta fi tsanani.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988. Ta ba marubuci ikon hana a kwafi aikinsa ba da izininsa ba muddin yana raye, kuma haƙƙin yana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwarsa. Duk da haka, ta halatta a ɗauki wani yanki daidai gwargwado domin nazari ko bincike ko sharhi, tare da ambaton sunan aikin da na mai shi.

Ita kuwa jami'a ba ruwanta da ko wa'adin ya ƙare. Wanda ya ɗauko baitoci daga waƙar wani malamin ƙarni na 19 ya jera su kamar nasa ya kuɓuta daga ƙarar mai haƙƙi, amma a wajen malamansa ya yi satar fasaha, domin abin da suke aunawa shi ne gaskiyar ɗalibi game da inda ya samo kowane ra'ayi. Saboda haka sauya kalmomi biyu ko uku a jimlar wani ba ya wanke mutum. Haka nan fassara sakin layi daga Turanci ko Larabci zuwa Hausa ba tare da faɗin tushensa ba, wanda ɗalibai da yawa ke ɗauka dabara ce, sata ce tsagwaronta. Kalmomin da aka ɗauko kai tsaye sai a sa su cikin alamar zance, a bi su da sunan marubuci da shekara da shafi, sannan a kawo cikakken bayanin aikin a manazarta.

Manhajoji irin su Turnitin suna nuna kashi nawa cikin ɗari na rubutun ya yi kama da na wasu, sai dai a ganina an ɗora wa wannan adadi nauyin da ya fi ƙarfinsa. Kundin da aka saya a shagon buga takardu na bakin ƙofar makaranta, aka goge sunan mai shi, aka sauya sunan ƙaramar hukumar da aka yi binciken, yana iya tsallake manhajar idan ba a taɓa ɗora shi a intanet ba. Irin wannan yakan tonu ne ranar kare kundi, sa'ad da aka tambayi ɗalibi yadda ya tattara bayanansa ya kasa amsawa.

Hukuncin ya danganta da ƙa'idar kowace jami'a da girman laifin, daga soke aikin zuwa dakatarwa ko kora, kuma majalisar dattawan jami'a tana da ikon janye digiri ko da an daɗe da bayar da shi.