Tsakanin mai gona da Fada: zaɓen cike gurbi a Ailan a ƙarni na 19

Me ya sa ake yawan ambaton zaɓen Clare na 1828?

Domin a wannan yanki na yammacin Ailan ne talakawan Katolika, yawancinsu manoma masu hayar gona, suka nuna ƙarfinsu. An ba ɗan majalisar yankin, William Vesey FitzGerald, muƙamin minista, kuma dokar lokacin ta ce dole ya koma mazaɓarsa ya sake neman kujera. Sai lauya Daniel O'Connell ya fito takara, alhali shi Katolika ne, kuma rantsuwar shiga majalisar Landan, inda wakilan Ailan ke zama a lokacin, ta ci karo da aƙidarsa. Aka kaɗa ƙuri'a a garin Ennis, ya samu 2,057, FitzGerald 982. Abin lura shi ne FitzGerald kansa yana goyon bayan 'yancin Katolika, amma jama'a sun gaji da jira.

Ta yaya manomi mai haya ya iya saɓa wa mai gonarsa?

Wannan ne ya fi taɓa ni. A lokacin babu ƙuri'ar sirri. Mutum zai tsaya a bainar jama'a ya faɗi sunan wanda yake so, wakilin mai gona yana saurare, Fada, wato limamin cocinsu, ma yana tsaye. Ga barazanar kora daga gona, ga kunyar haɗa ido da 'yan'uwa ranar Lahadi. Abin da ya ƙarfafa musu gwiwa shi ne ƙungiyar da O'Connell ya kafa a 1823, wadda kowa ke zuba wa kwabo ɗaya a wata a ƙofar coci. Da kuɗin aka riƙa tallafa wa waɗanda aka ƙuntata wa saboda ƙuri'arsu.

Sun ci riba?

A 1829 gwamnatin Firayim Ministan Birtaniya Wellington ta ba Katolika damar zama 'yan majalisa. Sai dai an ɗaga sharaɗin dukiyar mai zaɓe daga sule 40 (fam 2) zuwa fam 10, mafi yawan manoman da suka yi kasadar suka rasa ƙuri'arsu.

Ke nan duk abin da Fada ya ce shi ake bi?

A'a. A Tipperary a 1869 jama'a sun zaɓi O'Donovan Rossa yana kurkuku, ɗan ƙungiyar Fenian mai neman 'yancin Ailan da makami, wadda shugabannin coci ke la'anta. Inda bukatar gona da kishin ƙasa suka dace da kiran coci, nan ne maganar Fada ke yin nauyi. A Galway a 1872 Kyaftin John Nolan ya yi nasara da goyon bayan limaman coci, amma alƙali William Keogh, wanda shi ma Katolika ne, ya soke zaɓen bisa zargin tursasa wa masu zaɓe. Mutane suka fusata har suka riƙa ƙona mutum-mutuminsa.

Ƙuri'ar sirri ta sauya wani abu?

Dokar 1872 ta rage tsoron mai gona, amma tasirin coci bai gushe ba. A Disambar 1890, bayan abin kunyar aure da ya dabaibaye Parnell, jagoran masu neman wa Ailan mulkin kai, yawancin limaman Kilkenny ta Arewa suka juya masa baya, ɗan takararsa Vincent Scully ya sha kaye a hannun John Pope Hennessy.